In Ɗaya Ya Tashi, Me Sauran Za Su Yi? Darasi Daga Ƙungiyoyin Kiɗan Rok

Kwanakin baya wasu samari huɗu da na taɓa koyarwa a firamare suka zo gida wurina da ƙara. Sun haɗa ƙungiyar kiɗa, sun tara kuɗi sun sayi lasifika da jita, har an fara gayyatarsu wurin biki. Ba a cika shekara ba sai rigima ta ɓarke. Mai waƙar ya ce zai fita, kuma da sunan ƙungiyar zai tafi tun da shi ya raɗa shi, sauran kuwa suka ce ai sunan na kowa ne. Da na tambaye su ko sun taɓa rubuta wani abu game da wannan tun farko, sai suka dubi juna suka yi shiru.

Abin ya tuna mini da kaset-kaset ɗin da wani yayana yake tarawa na kiɗan da Turawa ke kira rok, da ƙaninsa mai ƙarar tsiya da ake kira metal. Ko mutum ba ya sha'awar wannan kiɗa, tarihin masu yinsa abin dubawa ne, domin ƙungiyar rok ba kasafai take wuce mutum huɗu ko biyar ba: mai waƙa, mai jita, mai jitar bas da mai ganguna. Tamkar abokan ciniki ne da suka haɗa jari. Kuma in aka bi labarinsu za a ga cewa rashin gwaninta ba kasafai yake rusa su ba. Ranar da ɗaya ya mutu, ko ya fita, ko aka kore shi, ita ce ranar da ake sanin ƙarfin ƙungiya.

Mu ɗauki shekarar 1980 kaɗai. A watan Fabrairu na wannan shekara Bon Scott, mawaƙin ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostiraliya, ya mutu a Landan bayan ya kwana yana shan giya, yana da shekara 33. Sauran sun yi tunanin dainawa, amma iyayen mamacin suka ƙarfafa musu gwiwa su ci gaba. Suka ɗauko wani Bature ɗan Ingila mai suna Brian Johnson, kuma kafin watan Yuli ya ƙare sun fitar da faifan Back in Black mai baƙin bango don nuna alhini. Wannan faifai yana cikin waɗanda aka fi saye a tarihin kiɗa baki ɗaya.

A watan Satumba na shekarar kuma sai John Bonham, mai gangunan Led Zeppelin, ya mutu yana da shekara 32, shi ma sanadin giya. A lokacin da wuya a sami ƙungiyar da ta fi su cika fili da jama'a, kuma masu ganguna da za su so gurbin ba su ƙirguwa. Amma a watan Disamba ukun da suka rage suka ba da sanarwa cewa ba za su iya ci gaba ba tare da shi ba. Daga nan sai jefi-jefi suke haɗuwa, kuma a babban wasan da suka yi a Landan a 2007, ɗan marigayin, Jason, shi ya zauna a kan gangunan.

Ta uku ita ce Black Sabbath, wadda samari huɗu 'ya'yan ma'aikata suka kafa a birnin Birmingham a 1968, ita ce kuma ake ɗauka uwar kiɗan metal. A 1979 suka kori mawaƙinsu Ozzy Osbourne saboda shaye-shaye ya hana aiki. A 1980 suka fitar da faifan Heaven and Hell da sabon mawaƙi, Ronnie James Dio, ya kuwa karɓu. Shi ma wanda aka kora ya fitar da nasa faifan a shekarar, daga baya har sunansa ya so ya shafe na ƙungiyar da ta sallame shi. Irin haka ta sake faruwa a Amurka: Metallica ta kori Dave Mustaine a 1983, shi kuwa ya je ya kafa Megadeth, wadda ita ma ta zama babba. Ashe korar mutum ba ta rage masa baiwa.

To, ga ƙungiyoyi uku, ga hanyoyi uku, kuma babu wadda za a ce ta yi kuskure, domin kowace ta yanke shawararta da bakin waɗanda suka rage gaba ɗaya. Akwai ma hanya ta huɗu, wato haƙuri. Ranar 31 ga Disamba 1984 Rick Allen, mai gangunan Def Leppard, ya yi haɗarin mota kusa da Sheffield, ya rasa hannunsa na hagu. Kowa ya ɗauka tasa ta ƙare. Abokansa ba su nemi wani ya gaje shi ba. Aka ƙera masa ganguna masu aiki da lantarki, ya koyi buga da ƙafar hagu abin da hannun yake bugawa a da. Ya koma kan dandali a 1986, a 1987 kuma suka fitar da Hysteria, faifan da ya fi kowane nasu kasuwa.

Inda ake samun ɓacin rai shi ne wajen suna, kamar dai yadda ta faru da ɗalibaina. Roger Waters, wanda ya rubuta yawancin waƙoƙin Pink Floyd a shekarun 1970, ya fita a 1985 yana ganin ƙungiyar ta mutu ke nan. Da David Gilmour da Nick Mason suka ce za su ci gaba da sunan, sai ya garzaya kotu a 1986. A ƙarshen 1987 aka sasanta: su biyun suka riƙe suna, shi kuma ya riƙe haƙƙin wasan The Wall. Sai a 2005 suka sake hawa dandali tare, na dare ɗaya tak, kuma daga baya Waters ya amsa da bakinsa cewa kai ƙarar kuskure ne. Ita ma Deep Purple ta ɗanɗana irin wannan. Bayan ta watse a 1976, mawaƙinta na farko Rod Evans ya tara wasu makaɗa a 1980 ya shiga yawo da sunan. Kotu ta hana shi, ta kuma ci shi tara mai nauyi. Suna dukiya ne, kuma ran da aka fara ba wanda yake ganin hakan, tun da a lokacin bai kai ko sisi ba.

Bayan suna sai rabon kuɗi. A wannan sana'a wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai waƙa yana samun wani kaso daban duk lokacin da aka sayi faifai ko aka sa waƙar a rediyo. A 1975 ƙungiyar Queen ta fitar da Bohemian Rhapsody a ƙaramin faifai, a bayansa kuma aka sa wata waƙa ta mai gangunansu Roger Taylor. Duk wanda ya sayi faifan don waƙar gaba, ya biya kuɗin ta baya ma, don haka Taylor ya kwashi kaso mai tsoka, abin da ya daɗe yana ci wa sauran rai. Sai a faifan The Miracle na 1989 suka yanke cewa daga yanzu kowace waƙa da sunan ƙungiya za ta fita, a raba daidai. Shekara goma sha huɗu suka ɗauka kafin su gano wannan magani.

Mu a nan ba sai mun je nesa ba. Dattawanmu suna tuna Osibisa, wadda Teddy Osei da ƙaninsa Mac Tontoh, 'yan Kumasi, tare da Sol Amarfio suka kafa a Landan a 1969 da wasu makaɗa daga Najeriya da tsibiran Karibiyan. Sun gauraya kiɗan hailaif da rok, faifansu na farko na 1971 mai hoton giwa da fukafukai ya shiga kasuwar Ingila sosai. Makaɗa da yawa sun shiga sun fita cikin shekaru, amma sunan ya ɗore domin an san wanda ke riƙe da ragama, wato Teddy Osei, wanda ya rasu a farkon 2025.

Wani abin lura shi ne, komai daɗewar gaba, yawancinsu sukan nemi juna a ƙarshe. Ranar 5 ga Yuli 2025 mutum huɗun da suka kafa Black Sabbath suka yi wasan ban kwana a filin ƙwallo na Villa Park, a unguwar da suka tashi. Ozzy, wanda suka kora shekara 46 da suka wuce, a zaune ya yi waƙa saboda rashin lafiya. Ranar 22 ga watan ya rasu. Da sun ƙara jinkirin wata ɗaya, da ba a yi ba.

Wannan na gaya wa samarin nan. Na ba su takarda na ce su rubuta abu uku: na wa ne suna in wani ya fita, yaya za a raba abin da aka samu, kuma me za a yi da kayan da aka saya tare. Na ce kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Maganar ba ta tsaya ga makaɗa ba. Masu haɗa jarin shago, da 'yan adashi, da ƙungiyoyin matasa na zangonninmu duk ta shafe su. Lokacin da ake dariya tare, aljihu kuma babu komai, shi ne lokacin da rubuta irin wannan yake da sauƙi. Uku daga cikin samarin sun sa hannu a ranar, na huɗun ya ce sai ya yi shawara da mahaifinsa, kuma har yanzu ina jiransa.