Dashen Itatuwa: Ina Nijeriya Ta Tsaya Cikin Ƙasashe?

Daji iri biyu ne. Akwai wanda ya tsiro don kansa, akwai kuma wanda mutane suka dasa da hannu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya takan auna su dabam dabam, shekara biyar biyar, ta fitar da lissafin kowace ƙasa. Ma'auninta hekta ne, watau kamar eka biyu da rabi.

A 1990 dasasshen dajin duniya duka kamar hekta miliyan 170 ne. A 2020 ya haura miliyan 290. Amma ba kowace ƙasa ce ta sa hannu daidai cikin wannan ƙaruwa ba. Ƙasar Sin ita ce gaba nesa: tana da wajen miliyan 44 a 1990, a 2020 kuwa wajen miliyan 85, kusan ninki ke nan cikin shekara 30. Amurka ta tashi daga wajen miliyan 18 zuwa 27. Nijeriya fa? Ko miliyan ɗaya ba ta cika ba, alhali dajinta na asali sai raguwa ya yi ta yi cikin waɗannan shekaru.

Abin da ya ɗaukaka Sin shi ne naci. A 1978 ta soma dasa shingen itatuwa a arewacinta don tare hamada. Da yawa sun mutu, musamman inda aka dasa iri ɗaya tak a busasshiyar ƙasa, amma aka yi ta sakewa. Nan ƙasar ma ba a rasa dashe ba. Dogon yaro baƙo ne, a 1928 aka kawo shi Barno, ga shi yau ko'ina a titunan Jega. Jihar Kebbi kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Ganuwar Itatuwa ta Afirka. Cikas ɗin shi ne a dasa da damina, a yi biki, rani ya zo babu mai ban ruwa, awaki su ƙarasa saura. Mataccen dashe ba ya shiga lissafin kowa.

To, sai dai shi ma lissafin yana da gibi. Ba ya ƙirga itatuwan da ke tsaye cikin gonaki. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassaben zamani. In an zo sharar gona ba a sare tohon kututture duka, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a bari, a aske sauran. Da haka aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da sayen iri ko ɗaukar tulu ba. Wanda ya duba takardar dashe kaɗai sai ya zaci Nijar ba ta yi kome ba.

Wannan dabara ita ta fi dacewa da talakan Jega da Aliero da Maiyama, gama ba ta cin ko sisi. Bukatar itace kuwa kullum ƙaruwa take. Mai albasa a Aliero yana neman sanduna don rumfar ajiya, matan gida suna neman na girki, masu gawayi kuma suna ta shiga jejin Maiyama. Gawo ya fi cancanta a bari, don yakan zubar da ganye da damina, inuwarsa ba ta danne gero, ga taki a gindinsa.

Mai fili a gefen gona kuma ya dasa dogon yaro ko turare jere, amma ya nisanta turare daga fadamar albasa, shan ruwa gare shi. A dasa cikin Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye kowane da ƙaya, a riƙa ba shi ruwa har ya tsallake ranin farko.