Balgis Osman-Elasha: Masaniyar Yanayi Daga Hartum

A tsakiyar birnin Hartum, kusa da Babban Masallaci, akwai kasuwar da ake kira Suk al-Arabi, wato Kasuwar Larabawa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa ta, nan ce mahaɗar jama'a. Motocin haya suna kwasar mutane zuwa Omdurman da Bahri, mata masu shayi suna zaune a bakin hanya, kowacce da kurfotinta na gawayi. Wannan gawayi daga nesa yake zuwa, daga dazuzzukan da ake sarewa a karkara. Wanda yake son ya fahimci aikin Dakta Balgis Osman-Elasha, to ya fara da tambayar inda gawayin nan ya fito.

Sunanta ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Balgis dai ita ce Bilkisu, Osman kuma Usman. Larabcin Sudan ne yake mayar da harafin ƙaf ya zama "g", kamar yadda suke cewa Gasim a inda Bahaushe zai ce Ƙasimu. Hausawan da suka zauna a Sudan a kan hanyar Makka, irin mutanen garin Mai Wurno na bakin Shuɗin Nilu, sun saba da wannan lafazi.

Daga gandun daji zuwa yanayi

A Jami'ar Hartum ta yi karatunta. Ta fara da ilimin gandun daji, ta yi digiri na biyu a kimiyyar muhalli, sannan ta koma fannin daji ta yi digirin digirgir. Ta kama aiki a hukumar gandun daji ta Sudan a shekarun 1980, lokacin da ƙasar take cikin tsanani. Farin 1984 ya kashe dabbobi, ya kori dubban mutane daga Kurdufan da Darfur, har suka zo suka yada zango a bayan garin Omdurman. Aikinta a lokacin ya shafi itacen girki: yadda za a sami makamashi ba tare da an ƙarar da daji ba, da yadda mutanen ƙauye za su dasa itatuwa su kula da su da kansu.

Daga nan ta koma Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa, sashen sauyin yanayi. An sa ta cikin masu lissafin iskar da Sudan take fitarwa mai ɗumama duniya. Sudan ba ƙasar manyan masana'antu ba ce, saboda haka mafi yawan wannan iska daga saran daji da noma da kiwo take fitowa. Ke nan ilimin da ta samo a daji shi ne ainihin abin da lissafin yake bukata.

Binciken ƙauyuka

Aikin da ya fito da sunanta shi ne binciken da ta jagoranta a farkon shekarun 2000. Masana da yawa a lokacin sun fi damuwa da hasashen kwamfuta, wato yaya zafi da ruwan sama za su kasance nan da shekara hamsin. Ita da abokan aikinta sai suka juya tambayar. Suka je wuraren da fari ya riga ya yi ɓarna, suka tambayi mutane abin da ya taimake su suka tsira. Sun yi wannan a yankin Bara na Kurdufan ta Arewa, da Khor Arba'at kusa da Port Sudan, da kuma wajen El Fasher a Darfur.

A Bara, alal misali, ƙauyuka sun keɓe makiyaya suna hutar da ita, sun dasa itatuwa don tare iska da rairayi, sun rage awaki sun ƙara tumaki, domin akuya ba ta barin ƙaramin tsiro ya girma. Mata sun yi lambuna na ban-ruwa, an kuma kafa asusun bashi mai zagayawa. A Darfur kuwa dabarun tare ruwan sama aka duba. Ba sabbin abubuwa ba ne ga manomin Katsina ko na Maraɗi. Sabon abu shi ne a auna su da ma'aunin kimiyya, a rubuta, a kai gaban masu tsara manufofi a matsayin hujja. A 2007 ta haɗu da Anthony Nyong, wanda ya koyar a Jami'ar Jos, da wani masanin Nijeriya, suka buga maƙala a kan amfanin ilimin gargajiya wajen fuskantar sauyin yanayi a yankin Sahel.

Oslo da bayanta

A wannan shekara ta 2007 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fi sani da IPCC, ya fitar da rahotonsa na huɗu. Balgis tana cikin manyan marubutan babin da ya shafi Afirka. Babin ya yi hasashen cewa zuwa 2020 mutum miliyan 75 zuwa miliyan 250 a nahiyar za su ƙara shiga matsalar ruwa. Ya kuma ce a wasu ƙasashe amfanin gonar damina zai iya raguwa da rabi, maganar da ta sha suka daga baya saboda madogararta ba ta da ƙarfi sosai. An ba kwamitin lambar Nobel ta zaman lafiya tare da Al Gore na Amurka, kuma tana cikin tawagar da ta halarci bikin a Oslo a watan Disamba.

A 2008 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta lambar Gwarazan Duniya a madadin Afirka. Bayan haka ta shiga Bankin Raya Afirka a matsayin ƙwararriya kan sauyin yanayi. Ta yi rubutu a kan mata musamman, domin a karkarar Sudan su ne masu ɗebo ruwa da itace, kuma idan fari ya kori maza zuwa birni neman kuɗi, su ake bari da yara da gona da sauran dabbobin da suka rage.