Bandakin Tafi-da-Gidanka: Ina Ake Kai Dauɗarsa a Ƙasar Bwari?

Duk famfon da aka murɗa a cikin birnin Abuja, mafi yawan ruwan da zai zubo daga ƙasar Bwari ya taso, watau daga madatsar ruwa ta Usuma wadda ke kusa da ƙauyen Ushafa. Madatsar tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 100, kuma ana ƙara mata da wanda ake jawowa ta bututu daga Gurara. Saboda haka duk ƙazantar da aka zubar a rafukan da ke gangarawa cikinta, lamarin ya wuce na mutanen Bwari su kaɗai.

Tun da aka kafa Ƙaramar Hukumar Bwari a 1996, baƙi ba su yanke mata ba. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta ƙauro nan daga Legas a 1997, hedkwatar hukumar JAMB tana nan, sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana Kubwa, inda matasa kan taru har mako uku. Ga kuma ma'aikatan kamfanonin gine-gine da masu fasa dutse, waɗanda da yawansu a ɗakunan ƙarfe na karaban suke aiki, ana ɗauke su da mota idan kwangila ta ƙare. Wuraren biki da na gangamin siyasa su ma yanzu sai da bandakin haya, irin wanda marigayi Isaac Durojaiye, da aka fi sani da Otunba Gadaffi, ya yi suna da shi a ƙasar nan ta hanyar kamfaninsa na DMT.

Ɗaki mai tafiya kuwa ba ya da shadda, ba ya da sokawe. Abin da ya fito daga cikinsa a tanki yake tsayawa, har sai wani ya ɗauka ya kai wani wuri.

Mutanen Ingila da Jamus da Faransa, masu jan gidan tafi-da-gidanka a bayan mota zuwa yawon hutu, sun daɗe suna fama da wannan al'amari, kuma akwai abin dubawa a yadda suka ɓullo masa. Da farko dai sun raba ruwan biyu. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana da nasa mazubi, najasa tana da nata. Na ruwan wankan, kamar samfurin Wastemaster mai cin lita 38, an yi shi shimfiɗaɗɗe don ya shige ƙarƙashin ɗakin, an sa masa tayoyi da maɗauki. Dalili a fili yake: lita guda ta ruwa nauyin kilo guda ce, wanda kuma ya taɓa ɗaga jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25 ya san abin da lita 38 za ta yi wa ƙugu. Tankin najasa kuwa, irin na kamfanin Thetford, zaro shi ake yi ta wata 'yar ƙofa daga waje. Yana da marfin da ke toshe bakinsa, da alamar da ke nuna ya kusa cika, da wani maɓalli da ake dannawa iska ta shiga lokacin juyewa, don kada ya fantsama wa mai juyewar a jiki.

Sai dai abin da aka ƙera don sanyin Turai ba lalle ne ya jure wa zafin watan Maris a Bwari ba. Ruwan wanke-wanke, ko da ba najasa a ciki, yana ɗauke da maiƙo da ɓarɓashin abinci, in ya kwana a rufe cikin zafi sai ya ruɓe ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Rana kuma tana cin roba maras kyau har ta tsage. Tankin da zai yi aiki a nan yana bukatar roba mai kauri wadda ke jure wa rana, da faffaɗan bakin da hannu da buroshi za su shiga, da rariya a mashigarsa don tare maiƙo da tarkace, da bututun fitar da iska wanda aka yi wa raga saboda ƙudaje. Tayoyinsa ma su zama manya, gama ƙananan tayoyin da aka yi don ciyawar sansanin hutu nan da nan za su kafe a laka ko tsakuwa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai a Kano, ko masu walda na Panteka a Kaduna.

Akwai kuma batun shuɗin maganin da ake zubawa don kashe wari. Tsohon samfurinsa yana ɗauke da sinadarin fomalin, wanda ke kashe har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar da najasa a cikin sokawe, shi ya sa wasu sansanonin hutu a Turai ba su yarda da shi ba, sai wanda ba shi da wannan sinadari.

Babban giɓin yana wajen juyewa. A can, kusan kowane sansani yana da mazubarsa ta musamman, da famfon ɗauraye tanki a gefe. A Abuja, matatar ƙazantar ruwa ta Wupa, wadda ke ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta AEPB, an gina ta ne don unguwannin cikin birni masu haɗe da bututun ƙarƙashin ƙasa. Dutse Alhaji da Ushafa da garin Bwari sun dogara ne ga shadda da sokawe da tankar kwasar masai. Daga Bwari zuwa Wupa tafiya ce mai cin mai, direban da aka riga aka biya kuwa, in ba mai sa masa ido, kwazazzabon da ke gefen hanya ya fi masa kusa. Dattawa da suka yi zamani da duba-gari sun san wane ne ke da wannan aiki a da.

Sakamakon sakaci an gan shi a 2021, lokacin da cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a faɗin Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, kuma Babban Birnin Tarayya bai tsira ba. Tun a watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan doka ta musamman mai lamba 009, da nufin kawar da bahaya a fili kafin 2025. Wa'adin bai cimma ruwa ba, an ɗage shi zuwa 2030. Cikin hanyoyin da ake ta yayatawa har da ajiye bandakunan haya a kasuwanni da tashoshin mota. Kowane ɗaya da aka ajiye a kasuwar Bwari ko ta Dutse zai cika cikin 'yan kwanaki, kuma sai an samar masa da mazuba ta kusa, a inda ruwa ba ya gangarawa Usuma.