Muryar da ba ta dushewa: Yadda ake zaɓen ƙwaƙwalwar ajiyar sauti mai ƙarko

A Kasuwar Muda Lawal da ke birnin Bauchi, kamar sauran manyan kasuwannin Arewa, ba kowace muryar talla ce ke fitowa daga maƙogwaron ɗan Adam ba. Mai kaya kan naɗi muryarsa sau ɗaya a 'yar lasifika, ita kuma ta wuni tana maimaitawa. A rumfuna kuma, ƙananan rediyoyi masu cin memori ne ke zuba karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi. Duk wannan sauti yana kwance ne a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwar ajiya da ba ta wuce girman farce ba. Ranar da ta lalace, tallan ya yi shiru, karatun da aka shekara ana tarawa kuma ya salwanta.

Wannan ce matsalar da ke gaban masu gyaran rediyo da ɗalibai da matasan da ke harhaɗa na'urori don sha'awa: wace ƙwaƙwalwa ce za ta jure? Masu saye da dama suna duba yawan gigabait ɗin da aka rubuta a jiki kawai, alhali ƙarko ba a nan yake ba.

Asalin fasahar na komawa ga Fujio Masuoka, injiniyan kamfanin Toshiba na ƙasar Japan, wanda ya gabatar da nau'in NOR a 1984, sannan NAND a 1987. Dukkansu suna adana bayani ne ta hanyar tsare ƙwayoyin lantarki a cikin wasu ƙananan ɗakuna. Sauraro ba ya cin ɗakunan sosai. Gogewa da sake naɗa su ne ke sa bangonsu ya zaizaye a hankali. Don haka tambaya ta farko ita ce: sau nawa za a sauya abin da aka naɗa?

Ga mai buƙatar gajeren saƙo, akwai ISD1820, wadda ke ɗaukar murya ta kimanin daƙiƙa 10 zuwa 20, ba tare da an haɗa ta da kwamfuta ba. Ta isa tallan tumatir ko ƙararrawar shago. Akwai kuma EEPROM irin 24LC256, mai jure rubutu har sau miliyan ɗaya, sai dai cikinta kilobait 32 ne kacal. Murya mai ingancin wayar tarho na cin bait 8,000 a kowace daƙiƙa, ke nan ba za ta riƙe fiye da daƙiƙa 4 ba. Amfaninta shi ne ajiyar saiti.

Tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin ƙananan ayyuka shi ne NOR, misali W25Q128 ta kamfanin Winbond. Tana da megabait 16, wato kusan minti 35 na irin waccan muryar, kuma takardar kamfanin ta nuna tana jure gogewa sau 100,000, tana riƙe bayani sama da shekara 20. Da yake liƙa ta ake yi da dalma a jikin allon na'ura, ƙurar hunturu da jijjigar amalanke ba sa raba ta da mazauninta.

Wanda ke son awanni masu yawa ba shi da makawa sai katin memori, wanda NAND ce a cikinsa. Fayil ɗin MP3 na yau da kullum na cin kusan megabait ɗaya a minti, kuma 'yar na'urar DFPlayer Mini na karɓar kati har mai gigabait 32. Amma sauƙin farashin katunan ya samo asali ne daga cusa bayani mai yawa a ɗaki guda, abin da ke rage juriyarsu zuwa 'yan dubbai ko ƙasa da haka. Saboda haka aka ƙera na musamman, irin SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance, don aikin naɗi ba dare ba rana.

Abubuwa uku ke kashe kati a kasuwa. Na farko zafi: a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, na'urar da aka bari a rana na saurin zubar da ƙwayoyin lantarkin da ke riƙe da sautin. Na biyu yankewar wuta ko mutuwar batir ana tsakiyar naɗi, wanda ke rikita tsarin fayiloli. Na uku jabu: katin da aka sauya wa lissafi ya nuna gigabait 32 alhali cikinsa kaɗan ne, sai sabon sauti ya riƙa hawa kan tsoho. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika katin ta sake karantawa, ta tona asirinsa.

Ƙa'idar dai a fili take: gajeren saƙo a ba ISD1820, matsakaici a ba NOR, dogo a nemi kati na ainihi a gwada shi kafin a dogara da shi. Kuma kowace aka zaɓa, a ajiye kwafi a wani wuri dabam, domin kati yana da farashi a kasuwa, amma muryar malamin da ya riga mu gidan gaskiya ba a sake naɗarta.