Baƙin Hunturu a Tafkin Nguru

'Yan'uwana mata, yau zancenmu ba na girki ba ne, ba kuwa na ɗinki ba. Ina so ne mu yi shawarar inda za mu kai yara shan iska in hutun makaranta ya zo.

Tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa akwai wata ƙasa ta fadamu da tafkuna, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su nufi Tafkin Cadi. To, da zarar hunturu ya kama, sai baƙi su sauka can. Baƙin nan kuwa tsuntsaye ne, ƙananan agwagin ruwa da waɗansu masu dogayen ƙafafu, waɗanda sanyin Turai da Rasha ya koro. Sukan ƙetare Bahar Rum da Hamada, su zauna har wajen Maris, sa'an nan su koma gida su yi ƙwai. Suna tarar da namu na gida, watau kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela. Kada ki nemi shamuwa a lokacin, ita sai da damina.

Wurin ba ƙarami ba ne a idon duniya. Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona a 1989 don ganin tsuntsayen nan, a 2000 kuwa aka sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya da aka yi alkawarin kiyayewa. Amma ki tambayi 'yan ajinmu, za su zana miki giwar littafi, ba su iya bambanta dinya da kirinjijiya ba. Wannan abin kunya ne gare mu malamai da iyaye.

Dalilin da ya sa nake gaggawa shi ne ruwan ba kamar dā yake ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun nan kowace shekara ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba kacala dama ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta na kuka, manoma ma haka, gama jan-baki a cikin kacalar suke kwana, da safe su afka wa shinkafa da gero.

In za ku tafi, Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Maigida ya fara binciko lafiyar hanya, a kuma nemi izni wurin ma'aikatan gandun da ke tsaron Dagona. A yi sammako, don da rana ta take tsuntsaye kan lafa. A bar zane mai ƙyalli a gida, a hana yara hayaniya da jifa, kada kuma a cika kwalekwale fiye da yadda mai shi ya ce. Abu guda da ba na sassautawa a kansa: kada yaro ya shiga ruwan wanka, saboda tsargiya. Ki tafi da tafasasshen ruwan sha daga gida.

Madubin hangen nesa yana da tsada, kuma ba lalle ba ne. Ba kowane yaro fensir da takarda, ya tambayi mai kwalekwalen sunan kowane tsuntsu, da Hausa ko da Badanci, ya rubuta.