Kyauta ko yarjejeniya: da me ake biyan ɗan kokowar Damagaram?

Kowace shekara, idan an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, hankalin jama'ar Nijar yakan koma wuri guda, wato fagen kokowar ƙasa. Jahohi takwas ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma, jimla tamanin, su yi kwana goma suna gwada ƙarfi da dabara. Wanda ya kai ranar ƙarshe ba a kayar da shi ba, shi ake naɗa wa rawani, a miƙa masa takobi. A wannan rana kowa yana jin abin da sarkin kokowa ya samu, domin ana shelar kyaututtukan ɗaya bayan ɗaya, Muryar Sahel kuma tana kai labarin har ƙauyen da ya fi kowane nisa. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan taro ya watse, mene ne ya wajaba a kan wani ya ba ɗan kokowa, ko ya ci ko ya faɗi? Wannan tambaya ta shafi Damagaram ƙwarai, domin jaha ce da ta daɗe tana fitar da zakaru.

Ladan kokowa a dā

Tun kafin a san gasar ƙasa, kokowa wasan kaka ce a ƙasar Damagaram. Samarin Mirriya, da na Magarya, da na Matamai, da na Kance, sukan ɗaura walki su bi makaɗinsu gari gari, inda duk aka ji akwai wani ƙato su sauka. Mai gari ya ba su masauki, samarin garin su ciyar da su, da la'asar a taru a dandali. Wanda ya yi kaye, nan take ake biyansa: wannan ya ba da goro, wancan ya tuɓe riga, wani ya ce ya ba da damin hatsi ko ɗan akuya. Idan akwai basarake ko babban attajiri a wurin, har doki yana iya fita.

Ba a ciniki, ba a rubuta kome. Haka tsarin ƙasar yake a kan duk mai sana'ar da ke burge jama'a. A fadar Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884, makaɗa da maroƙa da jarumai da kyauta suke rayuwa. Kyauta tana nuna girman mai bayarwa, kirari kuma yana mayar masa da abinsa da riba. Wannan tsari yana da alherinsa. Ubangida na kirki ba ya barin yaronsa da yunwa a shekarar fari, shi ke yi masa aure, shi ke neman maɗori idan ya karye. Abin da ke riƙe da alkawarin kuwa kunya ce, domin gari ɗaya ake zaune, kowa ya san kowa. Ban da haka, ɗan kokowar wancan lokaci manomi ne tukuna. Da damina ta faɗi sai ya rataye walki ya ɗauki hauya.

Daga dandali zuwa takobi

A shekarar 1975, zamanin shugaban ƙasa Saini Kunce, gwamnati ta mayar da kokowa gasar ƙasa baki ɗaya. A Tawa aka yi ta farko, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Tun daga nan gasar take zagaya jahohi, aka gina manyan fagage, aka raɗa musu sunayen mazan farko: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuwa sunan Langa-Langa. A wannan fage na Langa-Langa ne Tasi'u Sani ya riƙe wa Damagaram takobi a gida a shekarar 2018. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida tsakanin 2015 da 2023.

Da gasar ta girma, lada ma ya girma. Ban da takobi da rawani da doki da kayansa, gwamnati ta yanka kuɗi, waɗanda a shekarun 2010 suka kai miliyan 10 na sefa ga wanda ya zo na ɗaya. A kan wannan sai ƴan kasuwa da kamfanoni da ƴan siyasa su ɗora nasu: wani mota, wani babur, wani filin gini, wani kujerar Makka, wani buhunan shinkafa.

Sai dai ya kamata a lura da abu uku. Na farko, kuɗin takobi hukuma ce ke yanke su, ba ciniki ake yi ba, kuma mutum ɗaya ne cikin tamanin ke ɗaukarsu. Na biyu, abin da aka ɗora a kai kyauta ce ta baki. Wanda ya ce ya bayar a gaban jama'a, idan ya cika Allah ya saka masa, idan bai cika ba babu alƙalin da zai tilasta shi. Na uku, kuɗin da suka shiga hannun zakara ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai makaɗa da maroƙa, akwai malaman da suka yi masa addu'a, akwai yaran da ke ɗaukar masa kaya, ga dangi, ga mutanen garinsu. Wanda ya hana su, an ce da shi marowaci, kuma ɗan kokowa ya fi tsoron wannan suna da kaye.

A gefe guda kuma, kokowar ta daina zama wasan kaka. Mai son takobi a yau sai ya yi watanni yana motsa jiki, yana cin abinci na musamman, ya bar gona da kasuwa. Wato kokowa ta zama sana'a, alhali ladanta yana nan a kan tsarin kyauta. Shi ya sa ake ganin ɗan kokowa haifaffen wata jaha ya koma yana ɗaura walki da sunan wata, saboda can ya sami ubangidan da ya fi kula da shi. Wannan ma ciniki ne, amma na bayan ɗaki, wanda ba shi da shaida.

Inda ake ciniki a fili

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wata hanya. A Senegal, inda ake haɗa kokowa da naushi, ƴan kasuwa masu shirya wasa ne ke haɗa karo, kamar yadda Gaston Mbengue da Luc Nicolaï suka yi. Kafin a shiga fage sai an sa hannu a takarda: ga ranar karo, ga kuɗin kowane ɗan kokowa, ga kafin alƙalamin da za a ba shi tun yanzu. Wanda ya faɗi ma yana karɓar nasa. A 1994 aka kafa hukuma domin kula da kokowa da tsare dokokin. A ƙarshen shekarun 1990 Muhammadu Ndao, wanda ake kira Tyson, ya ɗaga farashin ƴan kokowa, har aka kai lokacin da manya irin su Yekini da Balla Gaye 2, waɗanda suka kara a Dakar a 2012, ake maganar miliyan 100 na sefa ko fiye a karo guda.

A Amurka kuwa abin ya wuce nan. Akwai wata ƙwallo da ake ɗauka da hannu ana gudu da ita, ita ce wasan da mutanen ƙasar suka fi so. A kowace ƙungiya akwai mutum guda da ke tsara hari, shi ke jefa wa sauran ƙwallo, kamar madugu a cikin ayari. Waɗannan madugai su suka fi kowa albashi. A 2020 Patrick Mahomes ya sa hannu da ƙungiyar Kansas City a kan shekara 10, dalar Amurka miliyan 450. A 2024 Dak Prescott na Dallas ya sami miliyan 240 a kan shekara 4, wato miliyan 60 kowace shekara, kimanin miliyar 35 na sefa. Dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, ba dalar tamma biyar ta kasuwar Damagaram ba.

Amma ba yawan kuɗin ne abin lura ba. Inda gardama ta fi zafi a wajen cinikin shi ne: nawa ne za a biya ɗan wasa ko da ya karye, ko ƙarfinsa ya ragu, ko an sallame shi? Shi ya sa yarjejeniyar Deshaun Watson da ƙungiyar Cleveland a 2022 ta girgiza masu ƙungiyoyi, domin miliyan 230 ɗin da ke ciki an lamunce masa su gaba ɗaya. Galibin ƴan wasa suna da wakilai masu yi musu ciniki, waɗanda ladansu ba ya wuce kashi 3 cikin 100.

Wannan bai faɗo daga sama ba. Ƴan wasan suna da ƙungiyar ƙwadago, wato sandika, wadda ta yi yajin aiki a 1982 da 1987. Sai a 1993 suka sami cikakken ikon canza ƙungiya idan wa'adinsu ya cika. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu da masu ƙungiyoyi 32 a 2020 ta ba su kimanin kashi 48 cikin 100 na kuɗin da wasan ke shigowa da su, galibi daga gidajen talabijin. An kuma ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, wanda a 2024 ya kama miliyan 255 da ɗoriya. Ta yanka mafi ƙarancin albashi ga ƙaramin ɗan wasa, kuma wanda ya cika shekara uku yana wasa yana da haƙƙin kuɗin tsufa.

Abin da ya dace da Damagaram

Babu mai hankalin da zai ce a biya ɗan kokowar Magarya abin da ake biyan madugun Dallas. Kasuwar Nijar ba ta Amurka ba ce, kuma kokowa a nan abin haɗa kan ƙasa ce kafin ta zama hanyar riba. Haka kuma babu dalilin kashe kyauta, domin ita ce adon fage. Abin da ake buƙata shi ne a yi mata ginshiƙi.

Idan jaha ko attajiri ya ɗauki ɗan kokowa, a rubuta: ga wa'adi, ga abin da za a riƙa ba shi kowane wata lokacin shiri, ga wanda zai biya asibiti idan gwiwa ta goce ko kafaɗa ta fita. Wanda ya yi shelar kyauta a fage, a ɗauki sunansa da abin da ya faɗa a takarda, ya sa hannu kafin ya bar wurin, tun da Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Daga kuɗin tallace-tallacen da kamfanoni ke yi a lokacin gasa, a ware wani kaso a asusun jinya da na tsufa, wanda zai game duka tamanin ɗin, har da waɗanda suka faɗi tun ranar farko. Ƴan kokowa su ma su yi magana da murya ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takardar kuma a rubuta ta da harshen da mai sa hannu yake ji. Ɗan kokowar da ya iya karanta yarjejeniyarsa da Hausa, ba ya bukatar ya dangwala yatsa a kan abin da wani ya fassara masa. Ƙarfin ɗan kokowa na ƴan shekaru ne, bayansu kuwa akwai iyali, akwai tsufa, akwai ciwon da tsofaffin kaye ke bari a jiki. Ya rage ga magabatan wasanni na jaha da na ƙasa, da iyayen gidan ƴan kokowa, su duba wannan al'amari tun masu walkin suna da ƙarfinsu.