Tsohuwar Bindigar Toka: Shekarunta Nawa, Wa Ya Ƙera Ta?

A gidaje da yawa na karkara akwai tsohuwar bindigar toka jingine a lungu, gadon kakanni. In ka tambaya, sai a ce maka ta fi shekara 200. Kafin dillalin kayan tarihi ya zo ya taya ta da araha, ya kamata mai ita ya san abin da ke hannunsa.

Da fari, a yi hattara. Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Kau da bakin bindigar daga jama'a, ka zura sandar ɗuri a ciki, ka sa alama, sa'an nan ka gwada sandar da tsawon bututun ta waje. In ba ta kai gindi ba, da ɗuri a ciki. Kai ta wurin gwanin maƙeri ya fitar.

Sai ka dubi kunamar. In tana riƙe da dutsen ƙanƙara mai ƙyasta wuta, irin nan ce da aka daidaita ƙirarta a Faransa wajen 1610. Amma ƙanƙara kaɗai ba shaidar tsufa ba ce. Sojojin Ingila sun soma barinta tun wajen 1840, duk da haka masana'antu ba su daina ƙera ta domin kasuwar Afirka ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ma ta hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai dai mai ƙanƙara. Saboda haka da yawa daga cikin namu ba su girmi zuwan Turawa ba.

Babbar shaida tana kan bututu, kusa da gindi. Nan ne ake buga hatimi bayan an gwada ƙarfin ƙarfen. In ka ga haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, daga Liège ta ƙasar Beljiyam ta fito, ba kuwa kafin 1811 ba. In da kambin sarauta a bisa da'irar, daga 1893 ne zuwa gaba. Sanduna biyu a gicciye da kambi, hatimin Birmingham ke nan ta Ingila, inda aka buɗe gidan gwaji a 1813. Wannan hatimi ya canza a 1904.

Kada sunan da ke jikin kunama ya ruɗe ka. An sha buga TOWER a bindigogin kasuwa don a ja mai saye. Maƙeranmu kuma sukan haɗa kunamar wannan da bututun waccan, su sassaƙa sabon katako. In babu hatimi ko ɗaya, galibi ƙirar gida ce, dattawan gari kuwa sukan gane hannun maƙerin.

Kada ka kankare tsatsa da yashi ko zarto, hatimin zai tafi da ita. Shafa ɗan mai, ka goge da tsumma. Rubuta abin da ka gani, da abin da tsofaffi suka faɗa, ka ajiye wa 'ya'yanka.